Ƙwaya Goma ta Dafi: Yadda Ake Kayar da Mai Cikakken Rai a Wasan Katin Magic

Duk wanda ya taɓa zama a dandalin dara a Kazaure ko Roni ya san yadda ake faɗuwa. Abokin karawarka ya jera uku ya ɗauke maka ɗa, ya sake jerawa ya sake ɗaukewa, har 'ya'yanka su kasa uku. A kartar Whot kuwa, wanda ya riga kowa zubar da katunan hannunsa shi ya ci. Lissafi ɗaya ne a gaban kowa, ɗan kallo ma yana iya nuna wanda ke sama. To akwai wani wasan kati da ya karaɗe duniya wanda ba haka abin yake ba. A cikinsa mutum kan zauna da makinsa cif, ba a rage masa ko ɗaya ba, sai a ce ya tattara katunansa, an cinye shi. Abin da ke jawo haka shi ne ƙwayar dafi.

Sunan wasan Magic: The Gathering. Wani Ba'amurke masanin lissafi, Richard Garfield, shi ya ƙirƙiro shi, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da shi a 1993, daga baya a 1999 kamfanin Hasbro ya sayi kamfanin baki ɗaya. Bambancinsa da kartar da muka saba shi ne ba tari ɗaya ake rabawa ba. Kowa da nasa yake zuwa. Kai za ka sayi katuna, ka yi musaya da abokai, ka zauna ka zaɓi aƙalla 60 da kake ganin za su yi aiki tare. Kowace shekara ana fitar da sababbi, yanzu ire-irensu sun haura 20,000.

Ni malamin lissafi ne, kuma ta hannun ɗan ƙanena da ke karatu a Kano na san wasan. Idan ya zo hutu Kazaure yakan zo da ƙunshin katunansa ɗaure da roba, shi da abokansa su baje a zaure bayan la'asar. Zanen dodannin da ke jiki bai ja ni ba. Abin da ya zaunar da ni shi ne ƙwallayen dabino da na ga suna turawa juna ɗaya bayan ɗaya, da yadda fuskar wanda ake tura wa take canzawa.

Ga tsarin a taƙaice. Mutum biyu ne, kowa ya ɗebi kati 7 a hannu, kowa yana da makin rai 20. Wasu katunan filaye ne, ana ajiye ɗaya a kowane zagaye, su ne ke ba da kuzarin da ake biya kafin a sauko da sauran katuna. Wasu mayaƙa ne: mutane, dabbobi, dodanni. Kowane mayaƙi yana da lamba biyu a ƙasan katinsa, ta farko ƙarfin dukansa, ta biyu juriyarsa. Ka tura mayaƙi mai ƙarfi 3, abokin wasanka bai tare shi da nasa ba, ransa ya sauko daga 20 zuwa 17. Wanda ransa ya kai sifili ya faɗi. Haka ma wanda tarinsa ya ƙare, lokacin ɗauka ya zo bai sami abin ɗauka ba.

Dafi kuwa lissafi ne na daban, a gefe guda. Akwai katunan da idan suka taɓa ka, ƙwaya ake ajiye maka a gabanka. Ƙwayar ba kati ba ce, alama ce kawai ta ƙirga, ana iya amfani da tsakuwa, ko gyaɗa, ko a rubuta a takarda. Da zarar sun cika 10 ka faɗi nan take, ko da ranka 20 ne, ko da 200 ne. Kuma ƙwayoyin a jikin ɗan wasa suke, ba a jikin katin da ya kawo su ba. Ko ka kashe mayaƙin da ya sa maka su, suna nan daram.

A nan ne gizo ke saƙar. Makin rai yana hawa yana sauka. Katunan ƙara rai suna da yawan gaske, akwai ma masu gina tarinsu kacokan a kan haka, a doke su da 5 su ƙara 7, har abokin wasa ya gaji. Dafi ba ya jin wannan magana. Hawa kawai ya sani. A 1995 an fitar da wani kati mai suna Leeches, mai zanen matsattsaku, wanda ke zuƙe dafin da ke jikin mutum duka, amma ya rage masa rai daidai yawan ƙwayoyin da ya cire. Shekaru da dama kusan shi kaɗai ne irinsa, kuma da gangan masu tsara wasan suka ƙi yawaita shi. Ina ganin sun yi daidai. Da ana wanke dafi cikin sauƙi, da ya zama makin rai na biyu kawai, ba shi da wani ɗanɗano nasa.

Manoman Gwiwa da na duwatsun Roni za su gane wannan tun kafin a gama bayani. Kububuwa ƙaramar macijiya ce, saranta ba ya da girma a ido, wanda ta sara ma yakan tashi ya taka da ƙafarsa yana cewa da sauƙi. Alhali a ciki jininsa ya daina daskarewa, sai daga baya a ga dasashi na zubar da jini. Haka mai ƙwaya 7 yake a wannan wasa: kallon makin ransa yake yana jin lafiya lau, aikin kuwa ya yi nisa. Sai dai saran kububuwa na gaske yana da allurar magani, kuma wanda abin ya sama a garzaya da shi asibiti ba tare da jiran alama ba. A wasan ne kawai magani ya yi wuya.

Dafi ya shigo wasan a 1994, cikin jerin katunan da ake kira Legends. Ɗaya daga cikin na farkon shi ne Pit Scorpion, kunama mai ƙarfi 1 da juriya 1, wadda ke ba da ƙwaya ɗaya duk lokacin da ta harbi ɗan wasa. Ku duba lissafin: sai ta yi harbi goma ba tare da an tare ta ko an kashe ta ba. Wa zai zuba ido a yi masa haka? A shekarar ne kuma aka fitar da Marsh Viper mai ba da ƙwaya biyu, sannan a 1996 aka kawo Swamp Mosquito, sauro mai tashi sama wanda ba shi da ƙarfin duka ko kaɗan, amma idan ba a tare shi ba ya bar ƙwaya ɗaya. Duk ba su tsorata kowa ba. Bayan 1997 dafi ya kwanta kusan shekara goma, sai ɗan leƙowa da ya yi a 2007.

Wanda ya ƙi barin maganar ta mutu shi ne Mark Rosewater, babban mai tsara katunan kamfanin, wanda aka sani da son dafi tun da daɗewa. A 2010 ya sami abin da yake so. Jerin Scars of Mirrodin ya zo da wata ƙa'ida mai suna Infect, wato harbin cuta, wadda ta sauya komai. Mayaƙi mai wannan kalma a katinsa ba ya taɓa makin rai sam. Duk ƙarfin dukansa ƙwayar dafi yake komawa. Mai ƙarfi 1 ya ba da ɗaya, mai ƙarfi 4 ya ba da huɗu. Tunda 10 ake nema ba 20 ba, kowane duka nasa daidai yake da biyu na sauran mayaƙa.

Bari in nuna yadda abin yake a tabarma. Wata rana ɗan ƙanena ya kara da abokinsa ɗan Babura. A zagaye na farko ya ajiye fili ɗaya, ya biya kuzari ɗaya ya sauko da Glistener Elf, ƙaramin mayaƙi mai ƙarfi 1 da juriya 1, mai harbin cuta. Ƙa'ida ta hana sabon mayaƙi kai hari a zagayen da ya sauko, don haka ya haƙura. Ɗan Babura ya ajiye nasa filin, bai sauko da kowa ba. A zagaye na biyu yaron ya ƙara fili, ya tura ɗan mayaƙinsa.

"Mutumina, za ka tare?"

"Da me zan tare? Shigo, ai ɗaya ce."

Sai ya kifa filayensa biyu, ya jefa kati biyu iri ɗaya, Giant Growth, wanda kowanne ke ƙara wa mayaƙi 3 a ƙarfi da 3 a juriya har ƙarshen zagayen. Ɗaya da uku da uku, bakwai. Ya ƙirga ƙwallon dabino 7 ya tura gaban abokinsa. A zagaye na uku ya sake turawa, ya sake jefa irin katin guda ɗaya, ƙwaya 4 suka ƙaru, jimla 11. Ɗan Babura ya dubi takardar da ya rubuta 20 a kai, ko gogewa ɗaya ba a yi ba. Da mayaƙin gama-gari ne ya yi wannan dukan, da saura masa rai 9 da sauran wasa mai tsawo.

Wanda ya ga wannan kaɗai zai ce zalunci ne. Amma sai da suka sake rabawa na ga ɗaya fuskar. Ɗan Babura ya bar fili ɗaya bai taɓa ba, ya riƙe kati ɗaya a hannu ya yi shiru. Yaron ya tura mayaƙinsa, ya jefa katin ƙarin ƙarfi. Kafin katin ya fara aiki, ɗan Babura ya ce, "Tsaya," ya ajiye Lightning Bolt, tsawa mai dukan 3 a kan kuzari ɗaya. A ƙa'idar wasan, katin da aka jefa daga baya shi ke fara aiki. Tsawa ta sami mayaƙin yana da juriya 1, ya mutu, katin ƙarin ƙarfin ya rasa wanda zai hau, ya tafi a banza. Kati ɗaya ya ci biyu. Yaron ya juyo ya ce mini, "Baffa, ka ga matsalar ke nan. Idan ya san lokacin da zai jefa, ba ni da ta cewa."

Wannan shi ne farashin dafi. Mayaƙansa galibi ƙanana ne, kuma mai amfani da su yana zuba duk abin da ke hannunsa a kan guda ɗaya. Sannan lissafin biyu ba sa haɗuwa. Ka sa wa mutum ƙwaya 9, ka kuma sauko da ransa zuwa 1, har yanzu yana zaune yana wasa. Saboda haka mai gina tarin dafi dole ya zaɓi hanya ɗaya ya bi ta har ƙarshe, raba ƙafa asara ce.

Harbin cuta yana da wani aiki a kan mayaƙan da suka tare shi. A al'ada, raunin da mayaƙi ya ji yana warkewa a ƙarshen zagaye muddin bai mutu ba. Raunin mai harbin cuta ba ya warkewa. Alamar ragi ake ɗora wa wanda ya tare, kowace tana cire 1 daga ƙarfinsa da 1 daga juriyarsa. Ƙato mai 4 da 4 ya tare mai harbin cuta mai ƙarfi 2, sai ya koma 2 da 2 har ƙarshen zamansa a fili. Ya sake tarewa, ya tafi. Ganuwarka tana zaizayewa a hankali, kana gani.

Tare da wannan aka kawo wata ƙa'idar, Proliferate, wato yaɗuwa. Idan kati ya ce a yaɗa, za ka zaɓi duk wanda kake so cikin 'yan wasa da katunan da suka riga suka sami wata ƙwaya, ka ƙara wa kowa ɗaya irin wadda yake da ita. Ba ta aiki a kan wanda ba shi da ko ɗaya. Shi ya sa a wurina ƙwayar farko ta fi kowace tsada, kuma ita ce sababbin shiga suka fi rainawa. Wanda ya ce "ai ɗaya ce" ya bar ta ta wuce, ya buɗe ƙofa ke nan. Daga nan ko ya jera mayaƙa goma a gabansa, ana iya kai shi 10 ba tare da an sake kawo masa hari ba.

Akwai katunan da sunansu kaɗai ke sa a gyara zama. Blightsteel Colossus na 2011 ƙarfinsa 11 ne, da harbin cuta, kuma duka ba ya kashe shi, idan ya shigo ba a tare ba magana ta ƙare a bugu ɗaya. Sai dai kuzari 12 ake biya, ba kowa ke kaiwa can ba. Inkmoth Nexus kuwa fili ne kamar sauran filaye, amma a kan kuzari ɗaya yana rikiɗa ya zama ƙaramin mayaƙi mai tashi sama mai harbin cuta, ya yi aikinsa ya koma fili. Masu kariya ma ba a bar su hannu rabbana ba. Melira, Sylvok Outcast tana hana a sa wa mai ita dafi muddin tana fili, Solemnity na 2017 yana hana kowa karɓar ƙwaya. Lura dai, hanawa suke yi, ba sa cire wanda ya riga ya shiga. Kati irin Fog, mai soke duk dukan yaƙi na zagaye ɗaya, shi ma yana aiki, domin inda babu duka babu harbin cuta.

A 2023, da jerin Phyrexia: All Will Be One, kamfanin ya dawo da dafi cikin sabuwar siga mai suna Toxic, da lamba a gabanta. Mayaƙi mai ƙarfi 3 da Toxic 1, idan ya doki ɗan wasa a yaƙi, ya rage masa rai 3 kamar kowa, ya kuma ƙara masa ƙwaya ɗaya. Ko ka kumbura ƙarfinsa ya kai 9, ƙwayar ɗaya ce dai. Da wannan aka toshe dabarar da ɗan ƙanena ya yi wa abokinsa. Aka kuma ƙara wani mataki a tsakiya: wasu katuna suna samun ƙarin ƙarfi idan abokin wasa ya kai ƙwaya 3. Wannan gyaran ya burge ni ƙwarai. A da, ƙwaya ɗaya zuwa tara kusan ba su da amfanin komai sai an cika ta goma. Yanzu ko ba ka da niyyar kaiwa goma, uku na farko suna biyanka.

Inda ake ta da jijiyar wuya shi ne salon wasan da ake kira Commander, wanda galibi mutum huɗu ke yi, kowa da kati 100 da rai 40. An ninka rai, amma dafi yana nan a 10. Mutane da yawa suna ganin rashin adalci ne, musamman da yake a salon biyu-biyu, inda ƙungiya ke da rai 30, an ɗaga dafin zuwa 15. Sukan kawo misalin Triumph of the Hordes, katin da ke ba duk mayaƙanka harbin cuta na zagaye ɗaya, wanda kan tashi teburi gaba ɗaya ba zato ba tsammani.

Na fahimci ƙorafin, amma ban yarda a ɗaga lambar ba. A teburin mutum huɗu, duk dukan da kowa ya yi wa wani yana taimakon sauran, wannan ya rage masa 6, wancan ya rage 8, na ƙarshe ya ƙarasa. Mai dafi shi kaɗai yake aikinsa. Ba wanda ke taya shi tara ƙwaya, kuma sai ya kai mutum uku 10 kowanne. Da an ga ƙwaya ta farko a teburi kuma, ukun nan kansa suke komawa. Bayan haka, a salon da ake iya tara rai har ɗaruruwa, dole a sami wata hanya da ba ta tsoron tarin rai, in ba haka ba wasan ya koma na wanda ya fi kowa jimirin zama.

Akwai abin da iyaye za su tambaya, kuma suna da gaskiya. Shin caca ce? A farkon fitowar wasan, ƙa'idarsa ta ce kowa ya ajiye kati ɗaya, wanda ya ci ya kwashe. An daɗe da watsar da wannan, ba a yinsa a gasa. Abin da ya rage da ya kamata a sa wa ido shi ne sayen katuna cikin rufaffiyar leda, ba ka san abin da ke ciki ba, kana fatan dacewa da mai tsada. Wannan ɗabi'a ba na son ta ga yaro, gara ya sayi katin da ya sani ko ya yi musaya. Batun zane-zanen da sunan wasan kuwa, labari ne ƙagagge, amma kowane gida yana da iyakarsa, kuma uba ya karɓi katunan ya duba da idonsa ya fi ya ji a bakin wani. Lokacin salla da na karatu ma ba abin wasa ba ne. Tsada ita ce ɗaya matsalar, domin da kuɗin waje ake sayen katunan. Yaran zaurenmu kwali suke yankawa su rubuta sunan kati da lambobinsa idan ba su da na ainihi, akwai kuma manhajar Magic: The Gathering Arena da ake saukewa kyauta a waya ko kwamfuta.

Ƙarin katuna na farko da aka yi wa wannan wasa, a ƙarshen 1993, daga labaran Dare Dubu da Ɗaya aka ɗauko shi, har da katin Ali Baba da na Sindbad. A 1996 kuma jerin Mirage ya aro kamanninsa daga Afirka. Wasu sun ɗauki labaran da muka tashi da su sun mai da su wasan da ake bugawa a ƙasashe da dama. Kirana ga ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, da matasan Babura, Roni da Gwiwa masu son zane da lissafi, shi ne ku zauna ku tsara namu. Gizo da Ƙoƙi suna nan, kura da dila suna nan, kunama da kasa da kumurci duk mun san halinsu. Ku fara da kwali da biro, ku sa lambobi, ku buga da junanku, duk katin da ya cika cin wasa ku rage masa ƙarfi ko ku ƙara masa farashi, sannan ku kai wa 'yan dara su gwada muku.